Darasi na Tara: Kayan Jan Tirela na Kamfani a Motar Daji, Yaushe Suka Cancanci Kuɗinsu?

A Amurka, idan mutum ya je sayen sabuwar mota mai ja da ƙafa huɗu, dillali kan ajiye masa takarda mai jerin ƙarin kayan da kamfani zai iya sa wa motar tun a masana'anta, kowanne da farashinsa. Cikin jerin akwai kayan jan tirela. Ba babbar tirelar ɗaukar siminti ake nufi ba, ƙaramar nan ce mai taya biyu ko huɗu da ake maƙala wa mota a baya don ɗaukar jirgin ruwa, ko doki, ko tanki, ko ɗakin kwana na masu yawon daji. Mai saye zai ce a sa, ko ya ce a bari.

Wannan zaɓi yana biyo motar duk inda ta je. Toyota Tacoma da 4Runner da Jeep Wrangler da ke shigowa tokumbo ta Kwatano da Legas, wani ne can ya yanke musu hukunci shekaru biyar ko goma da suka wuce, kuma wanda ya saya a Kano ko Maraɗi ya gaji hukuncin bai sani ba. Haka manomi ko ɗan kwangila da zai yi odar sabuwar Hilux don jan tankin ruwa ko janareta, tambayar nan ce a gabansa. A wannan darasi za mu ga abin da ke cikin kayan, mu koyi karanta lambobin da ke jikin mota, sannan mu yi lissafin da zai nuna wa kowa amsarsa.

Abin da ido ke gani da abin da ba ya gani

Yawancin mutane idan suka leƙa bayan mota suka ga ƙarfen ja, shi ke nan sun ce tana da kayan ja. Ƙarfen nan, mai rami murabba'i wanda a motocin Amurka galibi faɗinsa inci 2 ne, shi ne mafi sauƙin sawa daga baya a cikin kayan. Ana zura masa sanda mai ƙwallon ƙarfe a kai, bakin tirela ya hau ƙwallon ya kulle.

Sauran kayan a ɓoye suke. Na farko wayoyin lantarki ne da soket ɗinsu. Soket mai baki 4 fitilu kaɗai yake kai wa tirela: fitilar baya, ta birki da tirafiketo. Mai baki 7 yana ƙara layin birkin tirela, da layin cajin batir, da fitilar ribas. Bambancin nan babba ne, domin tirela mai nauyi tana bukatar birkin kanta, kuma a tsarin Amurka birkin galibi na lantarki ne, sai da waya daga mota da wata ƙaramar na'ura kusa da direba wadda ke faɗa masa ƙarfin da zai kama. Na biyu kayan sanyaya: ƙaramin lagireto na man giyabos, wani lokaci da na baƙin mai, ko fanka mai ƙarfi. Na uku caja mai ba da wuta fiye da ta gama-gari. A wasu motocin har giyar da ke tsakanin tayoyin baya ake canjawa, a sa wadda ke sa inji ya juya sau da yawa kafin taya ta juya sau ɗaya, don motar ta tashi da kaya ba tare da wahala ba. Akwai kuma tsarin kwamfuta da ke jin lokacin da tirela ta fara lilo a baya, ya taɓa birkin wasu tayoyi ya rage mai har ta daidaita.

Zafi shi ne maƙiyi

Idan za ku riƙe abu ɗaya daga wannan darasi, ku riƙe maganar zafi. Injin motar daji yana da ƙarfin da zai ja abin da ya ninka nauyin da aka rubuta mata, na ɗan lokaci. Wannan ne ke yaudarar mutane. Mutum ya ɗaura kaya, mota ta tashi, ya ce ai ga shi ta ja. Abin da bai gani ba yana cikin giyabos. A mota otomatik, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, kuma duk lokacin da inji ke gudu tayoyi na jan jiki, kamar a hawan dutse ko cikin yashi, man nan yana dahuwa. Idan ya wuce kima sai ya yi baƙi, ya yi ƙauri, ya daina kare faifan da ke ciki. Giyabos ba ya mutuwa ranar da aka zalunce shi. Sai bayan watanni giya ta fara zamewa, mai mota ya ce an sayar masa da mota maras kyau.

Kamfanonin mota sun san haka, shi ya sa gwajin da suke yi kafin su rubuta lambar ja gwajin zafi ne. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ƙa'ida mai lamba J2807 a 2008. Toyota ta fara bin ta da wuri, Ford da General Motors da Ram suka bi sahu wajen 2015. A cikin gwajin akwai hawan da ake kira Davis Dam a jihar Arizona: kimanin kilomita 18 na hanya mai hawa kusan mita 900, a yanayin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya ɗaki a kunne har ƙarshe, kuma gudun motar kada ya sauka ƙasa da kilomita 64 a sa'a. Dole ta kai sama ba fitilar gargaɗi, ba tafasar ruwa. Akwai kuma gwajin tashi daga tsaye a kan gangare mai kashi 12 cikin ɗari, sau biyar cikin minti biyar.

Ku dubi wannan digiri 38. A watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Agadas sukan wuce 40 kwana da kwanaki. Ke nan zafin da aka ɗauka a matsayin gwaji mai tsanani, a wurinmu zafin bazara ne na yau da kullum. Wanda zai hau Hawan Kibo zuwa Jos da tirela a baya, ko ya nufi tsaunin Mambila, yana yi wa motarsa irin wannan gwaji ne da kansa. A ganina wannan kaɗai ya sa kayan sanyaya sun fi daraja a ƙasarmu fiye da ƙasar da aka ƙera su dominta.

Kaya iri biyu masu suna ɗaya

Amurkawa da fam suke auna nauyi, fam ɗaya kuwa giram 454 ne, ƙasa da rabin kilo kaɗan. Mu ɗauki motoci biyu mu gwada.

Toyota Tacoma ta 2016 mai injin V6 lita 3.5, idan ba ta da kayan ja, kamfani ya yarda ta ja fam 3,500, wato kilo 1,588. Idan tana da su, lambar takan kai tsakanin fam 6,400 da 6,800 gwargwadon ƙirar bodi, wato wajen tan 3. Inji ɗaya, shasi ɗaya, amma nauyin da aka halatta ya kusa ninkawa. Abin da ya kawo bambancin shi ne ƙarfen ja mai ƙarfi, lagireton man giyabos, na baƙin mai, na man sitiyari, da caja mai amfiya 130. A irin wannan mota kayan ja su ne suke sayo maka rabin aikin motar.

Jeep Wrangler da aka fara ƙerawa a 2018 kuwa daban take. Mai ƙofa biyu fam 2,000 aka rubuta mata, kilo 907. Mai ƙofa huɗu fam 3,500. Kayan ja nata sun ƙunshi ƙarfen ja, soket mai baki 4 da 7, caja mai amfiya 240, batir mai ƙarfi, da makunnai huɗu a gaban direba don ƙarin fitilu ko winci. Kaya ne masu kyau, amma ba sa ɗaga ta sama da fam 3,500. Da yawa daga masu sayensu ba su taɓa jan komai ba, makunnan nan huɗu da cajar suke so, domin haɗa su daga baya aiki ne na kwance gaban mota. Sai a 2024 aka sami wasu Rubicon masu ƙofa huɗu da aka rubuta wa fam 5,000, bayan da kamfanin ya canja ƙirar ƙarfen tayoyin baya.

Saboda haka kada ku tsaya ga sunan kaya. Ku tambaya: a wannan motar, ta wannan shekarar, me da me ke ciki, kuma lambar ja tana canjawa ko ba ta canjawa? Amsar tana cikin littafin mota, a shafin da ya yi maganar jan tirela.

Me ya sa motar daji ba ta kai 'yar'uwarta ja

Mutane kan ɗauka cewa motar da ta fi iya shiga daji ita ce ta fi ƙarfin ja. Sau da yawa akasin haka ne. Ford F-150 ta 2021 akwai ƙirarta da aka rubuta wa fam 14,000, amma Raptor, wadda aka yi musamman don gudu a hamada, ta tsaya wajen fam 8,200. Jeep Gladiator ta 2020 mai kayan ja mafi girma an rubuta mata fam 7,650, ita kuwa Rubicon, gwanar hawan duwatsu, fam 7,000.

Dalilin yana cikin ƙirar. Motar daji tana son sifirin mai laushi da tsawon motsi don tayoyi su bi tudu da kwari. Idan aka ɗora wa bayanta nauyi sai ta zauna, gaba ya ɗaga, tayoyin gaba su rage riƙe ƙasa, sitiyari ya yi sakayau, birki ya ragu. Tana da tsayi, don haka tana saurin karkata. Idan kuma gajera ce tsakanin tayar gaba da ta baya, kamar Wrangler mai ƙofa biyu, tirela na iya kaɗa ta kamar yadda babban sa ke jan yaron da ke riƙe da igiyarsa. Babu kayan ja da za su gyara wannan, domin ba sa ƙara wa mota tsawo.

Manyan tayoyi ma suna da nasu. Wanda ya cire taya mai inci 32 ya sa mai 35 ya rage wa motarsa ƙarfin tashi da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya kuma ƙara wa birki aiki. Lambar da kamfani ya rubuta ta motar da ta fito daga masana'anta ce, ba ta wadda aka ɗaga aka canja wa ƙafa ba.

Lissafin da ake yi kafin a biya

Ku buɗe ƙofar direba ku dubi ginshiƙin da take rufewa a kai. Akwai takarda manne. A motocin Amurka za ku ga haruffa GVWR da lamba a gabansu: iyakar nauyin motar ke nan da duk abin da ke cikinta. Kusa da ita akwai wata takarda ta tayoyi da ke faɗin nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. A littafin mota kuma akwai GCWR, iyakar nauyin mota da tirela a haɗe.

Ga abin da ake yawan mantawa. Tirela ba ja kawai ake yi mata ba, bakinta yana danne bayan mota. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce nauyin bakin ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela da kayanta. Idan ya gaza haka, wato an tara kaya a bayan tirela, za ta yi ta lilo a kan titi. Wannan nauyin baki kuwa cikin lodin mota ake ƙirga shi.

Mu yi misali. A ce takardar ƙofa ta nuna kilo 500. Direba da mutum uku, kowa kilo 70, sun cinye 280. Jarkar mai biyu da kayan aiki, 60. An sa mata bambar ƙarfe da winci, 70. Jimla 410, saura 90. Yanzu ga tirela mai tankin ruwa lita 1,000. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ce, ga tankin kansa da ƙarfen tirela a ce kilo 400, jimla 1,400. Motar an rubuta mata kilo 1,588, mai ita zai ce akwai sauran wuri. Amma kashi 10 na 1,400 kilo 140 ne, shi kuwa 90 ya rage masa. Ya wuce iyaka da kilo 50 alhali bai kai lambar ja ba. Ko ya sauke mutum ɗaya, ko ya rage ruwa. Rage ruwan ma da nasa haɗari, domin tanki rabi ruwansa kan tunkuɗo gaba idan an taka birki, ya koma baya idan an tashi.

Ku lura cewa gwajin J2807 da mutum biyu kacal ake lissafa shi, kowa kilo 68. Mu kuwa ba kasafai mota ke fita ƙauye da mutum biyu ba.

A Turai da Ostareliya, inda Hilux da Land Cruiser 79 ke samun izinin jan kilo 3,500, sharaɗin shi ne tirelar tana da birki. Idan ba ta da shi, iyakarta kilo 750. Ku riƙe wannan lamba. Tirelar da aka haɗa a gareji da tsohuwar ƙafar mota galibi ba ta da birki, kuma buhun masara biyar masu kilo 100 da nauyin ƙarfenta sun isa su kai ta wurin. Duk abin da ya haura, birkin mota ne kaɗai zai tsayar da shi a gangare.

A cikin yashi da laka

Ƙarfen ja yana rataye ne ƙasa da bambar baya, don haka yana rage kwanar da mota ke da ita wajen sauka daga tudu. Mai tsallaka rafi ko kwazazzabo zai ji shi yana gogar ƙasa, soket ɗin lantarki kuma shi ke fara karyewa ko ya cika da laka. A nan na kamfani ya fi, domin galibi a manne yake da shasi, ba ya zubowa ƙasa kamar wasu na kasuwa. Idan ba a ja, a zare sandar ƙwallon a ajiye cikin mota.

Ramin nan murabba'i yana da wani amfani ga mai shiga daji: wuri ne mai ƙarfi na ciro mota idan ta kafe, muddin an zura masa ƙarfen da aka yi don haka mai zoben ɗaura igiya. Amma ina roƙonku, kada ku taɓa rataya igiyar ciro mota a kan ƙwallon tirela. An yi ƙwallon ne don ja a hankali. Idan wata mota ta fizga da gudu, wuyansa na iya tsinkewa, igiya ta harba shi ya fasa gilashi. An rasa rayuka ta wannan hanya a Ostareliya da Amurka, inda wasan daji da mota ya yawaita. Idan kuka ga ana shirin yin haka, ku hana, ku kuma janye yara da 'yan kallo nesa.

Wajen ja cikin yashi, a sa ƙaramar giyar daji, wadda aka rubuta wa 4L. Tana rage wa giyabos dahuwa sosai.

Mai walda da motar tokumbo

Da yawa za su ce, me zai sa in biya, ga mai walda a bakin kasuwa? Masu waldarmu gwanaye ne, amma shasin motocin zamani ƙarfe ne da aka sarrafa don ya yi ƙarfi ba kauri, kuma wutar walda na iya raunana shi daidai wurin da nauyi zai taru. Kamfani ya riga ya bar ramuka a shasi don ɗaure ƙarfen ja da noti. Ƙarfen kasuwa mai kyau a waɗannan ramuka yake zama, kuma da lambar nauyinsa a jikinsa. Wanda aka haɗa da guntun ƙarfe aka liƙa a bamba, babu wanda ya san iyakarsa sai ranar da ya balle. Haka wayoyi: idan mai gyaran lantarki ya fere wayar fitilar baya ya jona ta tirela kai tsaye, a wasu sababbin motoci kwamfuta za ta riƙa nuna matsala ko ta yanke wutar layin.

Ku sani kuma cewa sa ƙarfen ja mai lamba babba ba ya ɗaga lambar mota. Tacoma maras kayan sanyaya tana nan a kilo 1,588 ko da ƙarfen da aka ɗaura mata zai ɗauki tan 4. Kullum ƙaramar lamba ake bi.

Idan tokumbo za ku saya, ku tafi da bakanike ya kwanta ƙarƙashinta. Ya duba ko ƙarfen da noti yake ko da walda. Ya buɗe murfin soket ya ƙirga bakin. Ya leƙa gaban babban lagireto ko akwai ƙarami da bututun mai biyu. Ku ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, domin da ita ake iya bincika kayan da motar ta fito da su daga masana'anta. Ku dubi cikin ramin ƙarfen: idan ya goge ya yi sheƙi, motar ta yi aikin ja sosai, sai a binciki launi da warin man giyabos. Ƙwallon ma a auna shi, domin na Turai milimita 50 ne, na Amurka kuwa akwai inci 2 da wasu girma biyu, kuma bakin tirela dole ya dace da ƙwallonsa daidai.

To, a saya ko a bari?

Wanda zai ja abin da ya haura kilo 750 a kai a kai, da mota otomatik, a zafinmu, ya nemi mai kayan kamfani, ko sabuwa ko tokumbo. Kuɗin da zai ƙara bai kai na gyaran giyabos ba, kuma haɗa lagireto da wayoyi da na'urar birki ɗaya bayan ɗaya a gareji yakan fi tsada, ga kuma haɗarin yoyon mai a mahaɗa. Ranar sayarwa ma motar za ta fi samun mai so.

Wanda abin da zai ja ƙaramin janareta ne ko babur sau biyu a shekara, ƙarfe mai kyau na noti da soket mai baki 4 sun ishe shi, ya ajiye sauran kuɗinsa ya sayi tayoyi. Wanda kuma lissafinsa ya nuna tan 2 ko 3 zai ja, motarsa kuwa gajera ce mai laushin sifirin, kayan ja ba za su fisshe shi ba. Wata mota yake bukata, doguwa, irin a-kori-kura mai ƙarfin baya.

Aikin gida

Kowa ya sami mota mai ja da ƙafa huɗu, tasa ko ta maƙwabci, ya kwafo lambobin da ke takardar ƙofar direba. Ya rubuta mutane da kayan da ta saba ɗauka, ya fitar da abin da ya rage. Sannan ya lissafa: idan nauyin baki kashi 10 ne, tirela mai kilo nawa wannan ragowar za ta iya ɗauka? Idan tirelar kanta kilo 350 ce, buhun taki nawa masu kilo 50 za a ɗora mata? Ku zo da lissafinku mako mai zuwa, za mu fita farfajiya mu duba ƙarƙashin mota tare.